Saita taimin a tsofaffin motocin gudu: tambayoyi da amsoshi ga 'yan'uwa mazauna Jidda, Makka da Ɗa'if

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga masu hulɗa da irin su MGB, Triumph TR6, Jaguar E-Type, Datsun 240Z, Mustang da Corvette na shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1970. Wani shi ne mai motar, wani direban gida ne da maigida ya damƙa masa ita, wani kuma yaron warsha (gareji) ne a sina'iyya (unguwar garejoji) wanda ya tashi a zamanin kwamfuta, bai taɓa riƙe bilatin a hannunsa ba. Dilko da za ka riƙa gani a nan shi ne distributa, bilatin kuma shi ne kwantak ɗin da aka sani a garejin gida.

Mene ne taimin, kuma me ya sa wuta ke tashi kafin fistin ya kai sama?

Fetur da iska ba sa ƙonewa nan take. Daga lokacin da fulogi ya ba da tartsatsi zuwa lokacin da wutar ta game silinda akwai ɗan jinkiri, fistin kuwa ba ya jira. Ana so ƙarfin ƙunar ya kai matuƙarsa jim kaɗan bayan fistin ya wuce ƙololuwa ya fara gangarowa, don haka dole a kunna wutar tun yana kan hawa. Wannan tazara ita ake aunawa da digiri na juyin kiranshaf: in an ce digiri 10, ana nufin saura digiri 10 fistin ya kai ƙololuwa.

Injin na ƙara gudu, lokacin da fistin ke da shi na raguwa, sai buƙatar kunna wuta da wuri ta ƙaru. Shi ya sa taimin ba lamba ɗaya ba ce. Akwai ta sulo, akwai ƙarin da ƙarafan nauyi na cikin dilko ke kawowa in juyi ya hau, akwai kuma ƙarin da bakyum (tsotson iskar injin da tiyo ke kai wa dilko) ke kawowa in mota na tafiya ba nauyi a kanta.

Yaya zan gane taimin ya kauce?

In wuta ta yi gaba da yawa, za ka ji wata ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani duk lokacin da ka taka totur a babbar giya ko kana hawan tudu. Kuma in injin ya yi zafi ka kashe ka zo tayarwa, sai sitata ta riƙa nishi tana tsayawa, ka zaci batir ne ya yi sanyi. In wuta ta yi baya, motar ta zama mai kasala, ta sha mai, allurar zafi ta riƙa hawa a cunkoso, wani lokaci salansa ta riƙa harbi in ka saki totur.

Duk waɗannan alamu wasu cututtukan ma na kawo su, musamman kafireta mai ƙarancin mai ko iska mai shiga ta gasket ɗin manifol. Alama tana sa ka duba, awo ne ke yanke hukunci.

Wane kaya nake buƙata?

Fitilar taimin, fila geji, sifana daidai da notin dilko, ƙwan gwaji na bolt 12, da farin alli ko fenti don fito da alamar fuli. In za ka sayi fitila, ƙara kuɗi ka sayi mai lambar digiri a bayanta, wadda ake murɗawa har alama ta dawo sifili. Ita ce ke ba ka damar auna jimillar taimin, wanda amsarsa na nan ƙasa. Mitar dwel (mai auna zaman bilatin a rufe) da mitar juyi su ma suna da amfani, kuma sau da yawa a na'ura ɗaya suke zuwa.

Da me zan fara? Na ga wasu da kafireta suke farawa.

Kafireta ita ce ta ƙarshe. Bawul da farko, sai fulogi, sai bilatin, sai taimin, sannan kafireta. Dalilin sa bilatin kafin taimin shi ne tazararsa na motsa taimin kai tsaye: ka faɗaɗa tazara, bilatin ya buɗe da wuri, wuta ta yi gaba, ka matse, wuta ta ja baya. Wanda ya saita taimin sannan ya taɓa bilatin ya rushe aikinsa.

A dilkon Lucas 25D da ke kan MGB na farko, tazarar bilatin inci 0.014 zuwa 0.016 ce, wato wajen milimita 0.38, dwel kuma wajen digiri 60. A injin Chevrolet mai silinda takwas dwel digiri 28 zuwa 32 ne, kuma murfin dilkonsa na da 'yar taga da ake ɗagawa a sa makullin alen a saita injin na aiki. Dwel shi ne yawan digirin da bilatin ke zama a rufe yana cika kwayil. In bilatin ya tsufa fuskarsa ta yi rami da tudu, fila geji na iya yaudararka, mitar dwel kuwa ba ruwanta da ramin.

Wace ce silinda ta ɗaya?

A MGB da Triumph da Datsun ita ce ta gaba, kusa da lagireto. Tsarin tashin wuta na MGB 1-3-4-2 ne, na 240Z da TR6 kuma 1-5-3-6-2-4. A Chevrolet mai takwas ta ɗaya na gaba ta ɓangaren direba, tsarinsa 1-8-4-3-6-5-7-2. A Ford 289 na Mustang tana gaba ta ɓangaren fasinja, tsarinsa 1-5-4-2-6-3-7-8. Jaguar ce ke kama mutane: a injin XK na E-Type ana ƙirga silinda daga baya, ta ɗaya ita ce ta kusa da direba, ta shida ce ke gaba.

Zan iya amincewa da alamar da ke kan fuli?

Sai ka gwada ta tukuna. Motar da ta shekara hamsin ta wuce hannaye da yawa, wataƙila fulin wata mota ce aka ɗauko daga tashlih (wurin kwance matattun motoci) aka ɗora. A injinan Amurka kuma akwai roba tsakanin cibiyar fulin da zoben waje mai ɗauke da alamar. Zafin ƙasar nan na busar da robar, zoben ya zame, alamar ta tashi daga wurinta ba wanda ya sani. Mutum ya saita digiri 8 da fitila mai kyau, alhali injin na kan wani abu daban.

Hanyar tabbatarwa ita ce da ƙusar tsayar da fistin, wadda ake ɗaurawa a ramin fulogin silinda ta ɗaya. Cire wayar batir. Juya injin da hannu a hankali har fistin ya taɓa ƙusar, ka yi alama a fuli daidai da sifilin ma'auni. Juya shi baya har ya sake taɓawa, ka yi wata alamar. Tsakiyar alamun biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. In ta dace da ta kamfani, alhamdulillahi. In ba ta dace ba, fulin na son canji, kafin nan kuma sabuwar alamar za ka bi. Kada a kuskura a taɓa sitata ƙusar na ciki.

An cire dilko an mayar, mota ta ƙi tashi. Ta ina zan kamo?

Fistin na ɗaya na kaiwa ƙololuwa sau biyu a kowane zagaye cikakke, ɗaya na matsi, ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma alamar fuli iri ɗaya take nunawa a duka biyun. Cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, a juya maka injin da hannu. In ka ji iska na ture yatsanka, wannan ne hawan matsi. Tsaya a digirin da littafi ya ce kafin ƙololuwa. A MGB na farko digiri 10 ne. Buɗe murfin dilko ka ga inda rota ke kallo: nan wayar fulogi ta ɗaya za ta zauna, sauran su biyo bisa tsarin da aka kawo a amsar silinda ta ɗaya, ta hanyar da rota ke juyawa. Motar da ke harbi ta kafireta ta ƙi tashi bayan irin wannan aiki, galibi an sa dilko ne a kan ƙololuwar hayaƙi.

Sai ƙwan gwaji. Haɗa waya ɗaya da ƙaramar wayar da ke tsakanin kwayil da dilko, ɗayar a jikin injin, ka buɗe makulli. Sassauta dilko, juya jikinsa ta inda rota ke bi har ƙwan ya mutu, sannan ka dawo da shi a hankali. Daidai lokacin da ƙwan ya kama, bilatin ya buɗe. Ɗaure a nan. Wannan zai tayar da mota, amma sai an bi da fitila.

Yaya ake yi da fitilar?

Bar injin ya yi zafinsa na aiki. Cire tiyon bakyum daga dilko ka toshe bakinsa, sai dai in littafin motarka ya ce a bar shi. Maƙala matsen fitila a wayar fulogi ta ɗaya, ka sauke sulo zuwa juyin da aka rubuta, domin in sulo ya yi sama ƙarafan nauyi sun riga sun fara buɗewa, lambar da za ka gani ta zama ba ta sulo ba. Sassauta notin dilko iya yadda zai juyu da ɗan ƙarfi, haska alamar, juya, ɗaure, ka sake haskawa, don ɗauri kansa na motsa shi. A MGB na farko ma'aunin na ƙarƙashin fuli, sai an kwanta a ƙasa ake ganinsa.

Ɗan'uwa, kada ka sunkuya kan injin mai aiki da jallabiya mai faɗin hannu ko shimag (mayafin kan Larabawa) a wuya. Walƙiyar fitila na sa fanka ta yi kamar a tsaye take, alhali tana gudu. Kuma kome zafin gari kada a rufe ƙofar gareji don sanyin na'ura. Hayaƙin waɗannan injina na kisa a rufaffen ɗaki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Ta wane ɓangare zan juya dilko?

Saɓanin juyin rota na kai wuta gaba, bin juyin rota na ja da ita baya. Rotar MGB da ta ƙaramin injin Ford suna juyawa saɓanin agogo, ta Chevrolet tana bin agogo. Dilko na juyi ɗaya a duk juyi biyu na kiranshaf, don haka digiri ɗaya a jikinsa biyu ne a fuli; motsi kaɗan ya isa. Lucas 25D na da ɗan noti mai kaushi a gefe da haruffan A da R, na gyaran da bai kai a sassauta dilko ba.

Digiri nawa zan sa? In bi littafi kawai?

Littafi shi ne mafari, amma ka tabbata na motarka ne, na shekararta, na kasuwar da aka yi wa ita. 240Z da aka kai Amurka da wadda aka kai Turai ba lamba ɗaya gare su ba, dilkonsu ma ya bambanta. Tun daga 1968 dokokin hayaƙi na Amurka suka sa kamfanoni suka riƙa jan wuta baya a sulo. TR6 na can har da bakyum mai jan wuta baya aka sa masa. Tsofaffin motoci da yawa a nan daga Amurka aka shigo da su, wasu an cire musu kayan hayaƙin, wasu an canza musu dilko ko kafireta. Motar da aka yi wa haka, lambar littafinta ta daina aiki a kanta. Karanta lambar da aka buga a jikin dilkon kafin ka yarda cewa shi ne na asali.

Me ake nufi da jimillar taimin, kuma me ya sa ake cewa ta fi ta sulo muhimmanci?

Jimilla ita ce lambar sulo haɗe da duk abin da ƙarafan nauyi suka ƙara, bakyum a cire. Ana auna ta da ɗaga injin a hankali ana haskawa har alama ta daina tafiya, yawanci tsakanin juyi 3,000 da 4,000 a minti, ko da yake wasu dilkon zamanin dokar hayaƙi kan wuce haka kafin su gama. Masu MGB kan tsaya wajen digiri 32, masu ƙaramin injin Chevrolet wajen 34 zuwa 36.

A ganina nan ne duk maganar take. Ba a sulo injin ke mutuwa ba. Yana mutuwa ne a kan babbar hanya, totur a ƙasa, rana ta take. Dilko mai shekara hamsin sifirin ɗinsa sun saki, turakunsa sun cinye, zai iya ƙara digiri fiye da yadda aka ƙera shi, ko ya zuba su duka da wuri. Ka sa 10 a sulo kana murna, a sama ya kai ka inda fistin ba zai ɗauka ba. Akasin haka ma na faruwa: ƙura da tsatsar danshin Jidda su daskarar da ƙarafan, taimin ya ƙi motsi, motar ta yi lafiya lau a sulo amma ta mutu murus a hanya. Gwaji mai sauƙi: buɗe murfi, murɗa rota da yatsu ta inda take juyawa, ka saki. Ya kamata ta ɗan tafi ta dawo da kanta. In ta ƙi motsi, ko ta tafi ba ta dawo ba, a wanke dilko kafin a yi zancen digiri. Ɗigon man inji biyu a ƙarƙashin rota lokaci-lokaci na hana wannan.

Don haka saita jimilla tukuna, sannan ka sauke sulo ka ga lambar da ta faɗo, ka rubuta ta. In ta yi nisa da ta littafi, dilko ne ke son gyara.

Fetur 91 ko 95?

Jan fetur, 95. Yawancin waɗannan injina an ƙera su ne lokacin da ake samun fetur mai gubar dalma da oktan (lambar ƙarfin fetur) 97 zuwa 100 a Ingila, Saudiyya kuwa ta daina sayar da mai dalma tun 2001. Koren 91 ya yi ƙasa ga injin da ma'aunin matsinsa ya haura tara bisa ɗaya (9:1), musamman da rani. In dole ta sa ka zuba shi, ja wuta baya digiri biyu zuwa uku kuma ka sassauta ƙafa. Ka kuma lura da shawarwarin da ake ɗaukowa daga Amurka: lissafin oktan na famfonsu daban ne, 91 ɗinsu ya yi daidai da wajen 95 ɗinmu.

Na saita a Ɗa'if tana lafiya, da na sauko Jidda ta fara ƙara. Me ya faru?

Ɗa'if na sama da mita 1,800 daga teku. Iskarta ba ta da kauri kuma ta fi sanyi, matsin cikin silinda ya ragu, injin ya ɗauki wuta gaba ba tare da kuka ba. Da ka gangaro ta hanyar dutsen Hada ka shiga zafin Makka ko Jidda, iska mai kauri da zafi ta cika silinda, wannan taimin ya yi yawa. A wurin da ya fi wahala ake saitawa, wato ƙasa, da rana, da man da kake sha kullum. Wadda aka saita a Jidda za ta hau Ɗa'if ko Abha ba abin da zai same ta sai ɗan raguwar ƙarfi.

Wani mu'allim (ogan gareji) ya ce in toshe bakyum gaba ɗaya, wai ba shi da amfani.

A motar tsere ta fili, wadda totur ɗinta ke ƙasa kullum, maganarsa na da hujja. A motar titi ban yarda ba. Lokacin tafiya a hankali cakuɗen da ke shiga silinda kaɗan ne, yana ƙonewa sannu, yana son a kunna shi da wuri. Bakyum ke ba da wannan ƙarin, kuma da zarar ka taka totur sosai ya janye da kansa. Cire shi na ƙara shan mai da zafi. Abin da ya kamata shi ne a gwada shi: tsotsi tiyon, ka ga farantin bilatin ya motsa, ka toshe da harshe ka ga ko zai riƙe. In bai riƙe ba robar ciki ta fashe, kuma iska na shiga manifol ta nan. Wanda ake iya toshewa shi ne mai jan wuta baya da aka ambata a amsar littafi, shi ma sai an sake saita taimin da sulo.

Motata na tafasa. Taimin zai iya jawo haka?

Ƙwarai. Wutar da ta makara na ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe, zafin da ya kamata ya tura fistin ya ƙare a kan injin da manifol. Akwai waɗanda ke jan wuta baya sosai don tsoron ƙarar tsakuwa, su wayi gari da tafasa a cunkoson titin Madina na Jidda. Amma lagireton da aka ƙera don sanyin Ingila, ga shekaru sun toshe rabinsa, taimin ba zai cece shi ba. Duba biyun.

Ba za a iya saitawa da kunne ba? Tsofaffin makanikai haka suke yi.

Kunne na da wurinsa, amma a hanya. Juya dilko a sulo har injin ya fi daɗin sauti kusan kullum na kai wuta gaba fiye da kima, don injin da ba kaya a kansa na son haka. Bayan ka gama da fitila, fita da motar da zafinta, sa giya ta huɗu a wajen kilomita 50 a awa, ka taka totur har ƙasa. In ka ji ƙarar tsakuwa, ja baya digiri biyu ka sake, har ta ɓace, sannan ka ƙara ja ɗaya ko biyu don ajiya. A babban gudu ƙarar iska da salansa na rufe ta, injin na iya cin kansa ba ka ji ba. Ƙarfin da za ka rasa a digiri biyu da wuya ka lura da shi, fistin da ya huje ko zoben da ya karye kuwa sai an sauke injin, an jira kaya daga waje.

In sa na lantarki a madadin bilatin?

Ga motar da ake hawa, shawara ce mai kyau. Irin su Pertronix da Lumenition na zama cikin dilko, ba tazara, ba dunduniyar da za ta cinye. Sai dai ba sa gyara sifirin da suka saki, sai irin 123ignition da ke maye gurbin dilkon baki ɗaya. Kafin ka saya, duba ko wace wayar batir ce ke haɗe da jikin mota: MGB kafin ƙarshen 1967 mai alamar tarawa ce a jiki, in ba an juya ta ba, kuma haɗin kuskure na ƙona na'urar nan take. Duba kuma ƙarfin kwayil ya dace da abin da takardarta ta ce, kada ka bar makulli a buɗe injin a kashe, kuma a sake saita taimin da fitila bayan an ɗaura. Tsohon bilatin da kondensa su zauna a but da sukudireba.

Alamar na rawa a ƙarƙashin fitila, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Kuma yaushe zan sake dubawa?

Rawar digiri ɗaya ba komai. In ta fi haka, kama sandar dilko ka girgiza ta gefe da gefe. In tana wasa, bushin ya cinye, tazarar bilatin na canzawa a kowane juyi. Sarƙar taimin da ta saki ita ma na kawo haka, haka nan sulon da ya hau har ƙarafan nauyi suka fara buɗewa suna rufewa. Wani lokaci kuma matsen fitila ne ya kusanci wata waya yana ɗaukar tartsatsinta.

Mai bilatin ya duba tazara da taimin duk kilomita 5,000 zuwa 10,000, da kuma bayan 'yan ɗaruruwan farko in sabo ne, don dunduniyarsa na saurin zama, tana jan wuta baya. A shafa ɗan giris kaɗan a kan kam ɗin dilko. Duba kuma kafin shigowar rani, da kafin kai mota fahas (gwajin lafiyar mota na hukuma), da duk lokacin da aka canza kafireta, kan injin ko irin fetur. Rubuta lambar sulo, jimilla, juyin da ka auna su da irin man a takarda ka ajiye tare da istimara (takardar rajistar mota), don makanikin da zai taɓa ta bayanka ya san inda aka tsaya.